Usur a Gonar Alkama

Jos, Nuwamba 1987

Zuwa ga Baffa Muntaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da mahaifiyata Inna Hure da kowa na Rafin Kanya. Yaya ƙafar taka? Masu kawo albasa sun ce har yanzu kana ɗingishi in ka daɗe cikin ruwa. Ni lafiyata ƙalau, sai sanyin garin nan da tsadar abinci. Garin kwaki ma ya zama abin lallaɓawa.

Ka sha tambayata me ake koyo a karatun gudanarwa da har na bar koyarwa a firamaren Kunci saboda shi. To bana mun shiga tarihinsa, wato yadda aka fara tunanin tsara aikin mutane masu yawa. An ba mu labarin wani injiniya a Amurka, tun zamanin kakanninmu, da ya tsaya da agogo a kan lebura masu kwasar gawayi da shebur. Ya lura da yadda kowa ke sunkuyawa da yadda yake ɗagowa, ya canza musu girman shebur, ya tsara musu lokacin hutu. Aikin da suke yi ya ninka. Shi a ganinsa tunani da tsari aikin ofis ne, lebura kuma nasa ya bi abin da aka tsara masa. Baffa, abin ya burge ni. Na tuna yadda muke ɓata rabin safiya a gona ana gardamar inda za a fara.

Na ji wani kamfani ya shigo fadamarmu zai sa ku noman alkama. Wataƙila alheri ne. Ku ba su dama ku ga tsarinsu. Ina roƙon ka ci gaba da riƙe mana gonar marigayi mahaifina kamar yadda ka saba.

'Yarka,
Sakinatu

Rafin Kanya, Disamba 1987

Sakinatu,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Ƙafa da sauƙi, tunda yanzu an hana ni shiga ruwan ma.

Na karanta takardarki, na ninke, na sake buɗewa ko idona ne ya ruɗe ni. Ashe mutumin naki mai agogo bai mutu ba. Yana nan fadamarmu da farar mota, ana ce masa manaja.

Bari in faɗa miki tsarin da kike so mu ba dama. Gonakin namu ne a baki, amma iri nasu ne, ruwa nasu ne, ranar shuka tasu ce. Sun hana albasa da tumatir, ko kunya ɗaya. Ƙofar ruwan da na yi shekara da shekaru ina rabawa tsakanin gidaje, sun sa mata sarƙa da makulli. An raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni da heluma mai usur. In ya hura a fara, in ya hura a tsaya. Kin san wane ne heluman rukuninmu? Badaru. Ɗan da na haifa shi ke hura mini usur in sunkuya a gonar ƙanena.

Na je na sami manajan na ce gonakin ƙasa, na can ƙarshen fadama, ba sa samun ruwa, a bari mu gyara rabon. Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Dattijo, tunani aikin ofis ne. Kai naka ka bi abin da aka tsara." Kwana biyu da yin haka sai ga takardarki da maganar nan sak, kamar a aji ɗaya aka koya muku.

Lokacin da mahaifinki ya rasu, mutane suka ce kada in bar ki ki tafi nesa, na ce ilimi ba ya ɓata 'ya. In wannan ne ilimin, na janye. Ban tura ki ki koyo yadda ake mai da mutum jaki ba. Ki haɗa kayanki ki dawo, firamare ba ta rufe ba. Kuma ki sani, ranar da kika taka gidan nan kin gama da Jos.

Baffanki,
Muntaka

Jos, Janairu 1988

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna da Yaya Badaru. Na ɗan yi mura, ta wuce.

Ka gafarce ni, amma ba zan dawo ba. Ban taɓa ce maka a'a ba tun ina yarinya sai yau. Saura shekara ɗaya in gama, kuma abin da ya sa kake so in bar karatun shi ne ya sa zan riƙe shi.

Na yarda na yi saurin yabon mai agogo. Farkon darasi ne, ban san ƙarshen labarin ba. Ma'aikata a can ma ba su yarda ba. Sun yi ta yajin aiki har maganar ta kai gaban mahukunta. Daga baya wasu masana suka zauna a wata masana'anta suna lura, suka gano ma'aikata suna da nasu tsari a tsakaninsu, da nasu shugabanni da ba ofis ya naɗa ba, kuma shi ke tafiyar da aikin fiye da takardar manaja. Da malaminmu ke bayani, ni gayyar garinmu nake gani, yadda kuke haɗuwa ku nome gonar wanda ba shi da lafiya ba tare da kowa ya hura usur ba.

Akwai kuma wani da ya daɗe yana shugabancin babban kamfani, ya rubuta cewa umarni ba ya zama umarni sai wanda aka ba shi ya karɓa. In na ƙasa suka ƙi gaba ɗaya, na sama ba shi da komai sai kujera. Ba ɗan tawaye ne ya faɗa ba, manaja ne, kuma ana koyar da shi a ajinmu. Manajanku ya karanta babin farko ya rufe littafin. Ƙarfinsa a hannunku yake, Baffa, kuma shi ma ya san alkama ba ta girbe kanta.

Saboda haka ina nan. In ka yi fushi, na durƙusa ina ba ka haƙuri daga nan, amma ba zan hau mota ba.

'Yarka,
Sakinatu

Rafin Kanya, ƙarshen Maris 1988

Sakinatu,

Muna lafiya. Innarki ta ce in gaishe ki, ta kuma ce taurin kan nan na gidanmu ne, kada in ɗora wa boko.

Maganar dawowa na ajiye ta gefe, ban yafe ba. Amma takardarki ta yi aiki. Ranar Juma'a bayan an idar da salla na tsaya a ƙofar masallaci na karanta wa jama'a wurin da kika ce umarni ba ya zama umarni sai an karɓa. Aka ce in maimaita. Na maimaita. Wani dattijo ya ce, "Ashe su ma sun sani!" Kafin la'asar mun yanke shawara: babu wanda zai sa lauje a alkamar nan sai an cire sarƙa daga ƙofar ruwa, an bar kowa ya shuka albasa a gefen gonarsa, an kuma ajiye usur.

Alkama ta nuna, ta yi jawur. Da safe helumomi suka fito suka yi ta hurawa, mu kuwa muna zaune ƙarƙashin kanya, lauje a ƙasa gaban kowa. Manaja ya zo a fusace.

Ya ce, "Wa ya zuga ku?"

Na ce, "A littafinku aka samo."

Ya ce, "Wane littafi?"

Na ce, "Wanda ba ka ƙarasa ba."

Mutane suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce zai kawo 'yan sanda da lebura daga wani gari. Muka ce ya kawo.

Ban san inda abin zai tsaya ba. Amma rabon da in yi numfashi mai daɗi irin na yau tun kafin farar motar nan ta shigo garinmu. Ki rubuto, ki faɗa mana abin da littafin ya ce a yi in an kai nan.

Baffanki,
Muntaka

Rafin Kanya, Mayu 1988

Sakinatu,

Barka da salla. Innarki tana fama da zazzaɓi amma tana tashi. Ni ma ina nan da sauran ƙarfina.

Har yanzu babu takarda daga gare ki. Duk ranar kasuwa sai na aika gidan waya a Kunci, a dawo hannu wofi.

Tunda ba ki tambaya ba, bari in faɗa miki. 'Yan sanda sun zo. Manaja ya kira Badaru gaban jama'a ya ce ya nuna masu zuga mutane. Badaru ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya cire usur daga wuyansa ya ɗora a kan motar, ya zo ya zauna a bayana. Duk da haka suka tafi da ni da dattawa biyu. A can muka fara azumi. Sai da liman da mai gari suka yi ta sintiri aka sake mu.

Leburan da aka kawo ba su yi yawa ba, kuma da suka ji labari rabinsu suka koma. Alkama ta bushe ta zube, tsuntsaye suka yi biki. Kamfani ya ce mun karya alkawari, ya kafa turaku a gonakin da ya ce na shugabannin tawaye ne. Har da gonar mahaifinki, tunda ni ke nomanta. Yanzu ba alkama, ba albasa, hatsin bara ya kusa ƙarewa a rumbu. Akwai gidajen da kunu ne buɗa-bakinsu kuma shi ne sahur. Innarki ta sayar da awakinta.

Mutane sun fara magana. Wasu na cewa kin kunna wuta kin koma gefe. Wasu na cewa kamfani ya yi miki alkawarin aiki shi ya sa kika yi shiru. Na ce musu ƙarya ne. Amma in na kaɗaita, ni ma ina tambayar kaina. In kunya ce ta hana ki rubutu, ki ajiye ta. In kuwa kin zaɓi ɓangarensu, ki faɗa mini da bakinki, kada in ji a kasuwa.

Muntaka

Jos, Agusta 1988

Baffa,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau na karɓi takardunka biyu tare. Yaya jikin Inna? Yaya naka jikin bayan tsarewar? Don Allah ka fara amsa mini wannan kafin komai.

An rufe jami'a tun watan Afrilu bayan zanga-zangar ƙarin kuɗin mai, aka kore mu daga ɗakunan kwana. Daga baya malamai ma suka shiga yajin aiki. Takardunka suna kulle a ofishin sashenmu duk tsawon lokacin nan, sai yau aka buɗe ofishin. Ban zo gida ba saboda ka ce ranar da na taka gidan na gama da Jos, na kuwa ɗauki maganarka da gaske. Ina zaune gidan su Huseina, ƙawata a aji, ina koya wa yaran unguwa karatu ana ba ni abinci. Na ɗauka fushi ne ya hana ka rubutu, ni ma na yi zuciya na ƙi rubutawa. Ban san ko ƙofar kamfanin nan ba, balle su yi mini alkawari.

Baffa, ban ce ku bar alkama ta zube ba. Wallahi ba haka nake nufi ba. Nufina ku haɗu ku je masa gaba ɗaya tun kafin girbi, ku nuna masa ba zai iya ba sai da ku, a zauna a daidaita. Na rubuta magana kamar ina amsa jarrabawa, na manta cewa a can akwai rumbu da yara. Na karanta inda ka ce kunu ne buɗa-baki, na kasa ƙarasawa, sai da Huseina ta karɓa ta karanta mini sauran. Gonar mahaifina ba ta dame ni kamar awakin Inna ba.

Amma ko a yanzu ba zan ce abin da na koya ƙarya ba ne. Kun ƙi, aikinsa ya tsaya cak. Abin da littattafan ba su faɗa da ƙarfi ba shi ne wanda ke kwana da yunwa kafin na sama ya sauko. Yau na haɗu da malamin da ke duba aikina a ofishin, na gaya masa cewa a kan Rafin Kanya zan rubuta binciken kammala karatuna. Ya ce ƙauye ba ma'aikata ba ne, in nemi banki ko masaƙa. Na ce inda mutane ke raba ruwa ɗaya tsakanin gidaje masu yawa akwai gudanarwa, ko da ofis ko babu. Mun daɗe muna ja. Ya ce in kawo masa hujja. Zan kai masa.

Ka gaya wa mutanen gari ina neman gafararsu.

'Yarka,
Sakinatu

Rafin Kanya, Oktoba 1988

Sakinatu,

Alhamdu lillahi da muka ji kina raye. Innarki ta warke, har ta yi guɗa da aka karanta mata takardarki. Damina ta yi kyau, gero ya shigo, an fara ƙoshi.

Saƙonki na neman gafara ban isar ba, kuma ba zan isar ba. Kada ki ɗauki kayan da ba naki ba. Kina tsammanin mu yara ne da takarda ɗaya za ta kora? Mun je masa gaba ɗaya tun kafin ki rubuto, ya bar mu a tsaye a rana. Mun san alkama za ta zube. Mun san za a yi yunwa. Muka zaɓa, idonmu biyu. Ke magana kika ba mu mai daɗin faɗa, shi ke nan. In aka sake kawo mana usur gobe, haka za mu sake yi.

Kamfani ya tafi. Da ruwan sama ya sauka suka kwashe injinansu, ba sallama. Badaru ya sa guduma ya fasa makullin ƙofar ruwa, muka tumɓuke turaku. Gonar mahaifinki ta dawo, na shuka mata wake.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Rani na tafe, kuma rigima ta koma tsakaninmu. Masu gonakin sama sun ce su za su fara sha su ƙoshi, na ƙasa su jira abin da ya rage. Wani ya sayo injin ban-ruwa yana zuƙe rabon gida biyar. Makon jiya aka fasa wa mutum kai da ƙotar fartanya a bakin ƙofar ruwa. Na tara su na ce a koma rabon da, yadda nake yi. Wani matashi ya miƙe ya ce, "Baba Muntaka, ai kai ka koya mana umarni ba ya zama umarni sai an karɓa. To ba mu karɓa ba." Aka yi dariya, wannan karon ni aka yi wa.

Lokacin da nake raba ruwa gidajen ba su kai haka yawa ba, kuma kowa na jin kunyar kowa. Yanzu abin ya fi ƙarfin bakina. In a karatun naki akwai babin yadda mutanen da suka kori mai usur za su zauna da junansu, ki zo da shi hutun nan. Ki zo, ki koma ki gama. Ban ce na yi kuskure ba. Na ce ki zo.

Baffanki,
Muntaka

Jos, Nuwamba 1988

Baffa,

Assalamu alaikum. Na gode wa Allah da lafiyar Inna da albarkar damina. Ka gaishe mini da Yaya Badaru, ka ce masa na ji abin da ya yi. An buɗe makaranta, muna ta gudu don cike abin da aka rasa.

Zan zo cikin Disamba in Allah ya yarda. Amma kada ka gaya wa mutane ina tafe da magani. Babin da kake nema babu shi a rubuce yadda za a ɗauka a shimfiɗa a fadama. Abin da na koya shi ne ƙa'idar da mutane suka yi da bakinsu ta fi wadda aka kawo musu daɗewa, kuma dole a san wanda zai duba da abin da za a yi wa wanda ya karya, ko da mai injin ne, ko da ɗanka ne. Zan zauna in ji kowa, in taimaka a tsara. Hukunci naku ne.

Sharaɗina ɗaya. Ba a ƙofar masallaci bayan Juma'a za a yi taron ba. Gonakin ƙasa da ruwa ba ya kaiwa, yawancinsu na matan da mazansu suka rasu ne, irin Inna. Su suka fi kowa shan wuya a yajin nan, suka sayar da dabbobinsu, kuma ba wanda ya tambaye su ranar da aka yanke shawara. Wannan karon da su za a zauna, kuma za su yi magana da bakinsu.

Na san wasu dattawa za su ce ba a taɓa yi ba. Wataƙila kai ma za ka ce haka. In sun ƙi zama da mata, su zauna su kaɗai su raba ruwan a baki. Ni da Inna da sauran za mu shimfiɗa tabarmarmu a bakin ƙofar ruwa, duk mai son buɗewa sai ya fara gaishe mu.

Ka sa a zo tarbata a tashar Kunci. Kayana littattafai ne, suna da nauyi.

'Yarka,
Sakinatu